Yadda Matano Ya Ɓata a Hanyar da Ba a Ɓata

Ku matso kusa, ga ta nan tafe daga bakin teku, ƙafarta duk yashi.

A ƙauyenmu na Bofuni, kudu da Mombasa, akwai daji tsakanin gonakin kwakwa da teku. A cikinsa akwai wata hanya da muke kira Zobe, domin daga gindin kuka take tashi, ta zaga, ta dawo gindin kukar nan. Ba hawa, ba gangara. Tsohuwa kan ɗora shinkafa a wuta, ta zaga Zobe da jika a baya, ta dawo ruwan bai tsotse ba. Saboda baƙi masu zuwa shan iska, an kakkafa ƙoƙunan kwakwa masu farin fenti a jikin itatuwa. Ko akuya aka saka a ciki, in dai tana ganin fari, za ta fito.

Wuri ɗaya ne ba a wasa da shi. A tsakiyar dajin akwai Kufai, inda kakanninmu suka zauna kafin a fito fili. Dattawa kaɗai ke shiga, ƙafa ba takalmi, jiki ɗaure da baƙin zane. Mai wata buƙata yakan ɗaura jan ƙyalle a 'yar siririyar hanyar da ta nufi can, ya juyo. Wanda ya keta dokar wurin kuwa, baƙin rago ne tararsa.

To, akwai wani mutum a garin ana ce masa Matano. Shekara ashirin ya yi a Mombasa yana gadin wani shagon tayoyi, ya dawo gida da takalman soja guda biyu, da katuwar jakar goyo, da baki. A teburin mai gahawa yake wuni. Can ne muka ji cewa ashe shi ma'aikacin gandun namun daji ne, ya taɓa kama ɓauna ta ƙaho, kuma giwaye na tsayawa su ba shi hanya.

Taubashinsa Bakari, mai hawan kwakwa, shi ne ba ya raga masa.

"Ni dai da na je Mombasa," in ji Bakari, "a kan benci na same ka kana korar kuliya."

"Hutu nake yi ran nan."

"Da sandar gadi a hannu?"

"Kai da ka ƙare rayuwarka a saman bishiya kamar biri, me ka sani game da aikin gwamnati?"

Wata rana Mze Gakuriya, babban dattijon da ke riƙe da dajin, ya yi shela. Baƙi sun yi yawa, za a naɗa ja-gora guda ɗaya, a ba shi koriyar riga da hula, ya zama duk wanda zai zaga Zobe sai ta hannunsa. Ran Asabar za a yi gwaji: kowane mai so ya ɗauki baƙo ɗaya da shaida ɗaya, ya zaga da su.

Matano ya miƙe ya ce a ajiye masa rigar, a tabbata mai faɗin kafaɗa ce. Mutum ɗaya ce ta fito takara da shi, Mejuma, wata bazawara marar yawan magana, wadda ke shiga dajin kullum safiya tana tsintar naman kaza da saiwoyin magani.

"Mace?" in ji Matano. "Allah sarki. In ta ga damisa fa?"

"Babu damisa a dajin nan tun zamanin kakana," in ji Bakari.

"Ka ga amfanin dawowata ke nan."

Amma da ya koma gida, sai ya ga abin ba wasa ba ne. Gaskiyar magana, tun da ya dawo, iyakarsa da dajin gindin kuka, nan ma don inuwa. Ya riga ya gaya wa duk garin rigar tasa ce. In Mejuma ta sa ta, teburin mai gahawa ya haramta gare shi har abada. Ya zauna a tsakar gida yana kallon baƙin ragonsa, wanda yake kira Janar, dabbar da ita kaɗai ya mallaka a duniya. Can sai dabara ta faɗo masa.

"Janar," ya ce, "ita da ƙoƙunan nan take taƙama. In babu ƙoƙo, babu Mejuma."

Ran Juma'a da rana tsaka, maza na masallaci, mata sun tafi sunan wata jaririya a ƙauyen gaba, Matano ya buɗe akwatin matarsa Mwanasiti. Ya zaro jan zanenta na biki, wanda ƙaninta ya kawo mata daga tsibirin Unguja, ya yayyaga shi siri-siri. Ja ya zaɓa don a hango shi daga nesa. Ya goya jakarsa ya shiga Zobe. Duk inda ya ga farin ƙoƙo, sai ya ɓamɓare shi ya jefa a jaka, ya ɗaura jan ƙyalle a wani reshe can ƙasa-ƙasa. Haka ya bi har ya ɓullo gindin kuka, yana mamakin sauƙin hanyar.

"Ashe ma ni ɗan daji ne ban sani ba," ya ce wa kansa.

Sai matsalar ƙoƙunan. Mwanasiti mace ce da ko allura ka ɓoye a gidan sai ta share ta fito. Don haka ya bar su a jakar, ya cusa tsumma a tsakani don kada su yi ƙara, ya ɗaure bakinta tam.

Da yamma ta dawo tana bincike.

"Maigida, ba ka ga jan zanena ba?"

"Ni da zanen mata? Ɓeraye ne."

"Ɓerayen suka buɗe kwaɗo, suka rufe, suka mayar da makulli ƙarƙashin tabarma?"

"Ɓerayen bakin teku ke nan, Mwanasiti. Wayo gare su. Na Mombasa ma sun fi haka."

Ta dube shi, ta dubi jakar.

Ran Asabar gari ya taru a gindin kuka. Mai gahawa ya kawo tulunsa, mata suka shimfiɗa tabarmi. Mze Gakuriya da sauran dattawa sun shiga Kufai tun da sassafe roƙon ruwan sama, sun ce in sun fito za su ji sakamako.

Matano ya ce, cikin karamci, a bar mace ta fara. Mejuma ta ɗaura kallabinta, ta ɗauki kwandonta, ta shiga da wata baƙuwa ma'aikaciyar asibiti da shaidarsu. Matano ya miƙe ƙafa yana kurɓar gahawa.

"Ku tanadi fitila da ganga," ya ce. "Zuwa la'asar za ku roƙe ni in shiga nemansu. Zan je, ba na riƙe mutum a zuciya."

Bai gama kofi na uku ba sai ga su sun ɓullo. Baƙuwar na dariya, da fure a gashinta, kwandon Mejuma cike da naman kaza. Gahawa ta sarƙe Matano.

"Sa'a ce," ya ce bayan ya gama tari. "Makaho ma kan taka kuɗi."

Aka haɗa shi da baƙonsa, Malam Wafula, wani tsohon shugaban makaranta daga can yammacin ƙasa, mai tumbi da ɗan littafi, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa bai rubuta ba. Shaida kuwa, ƙuri'a ta faɗa kan Bakari.

"Wannan jakar fa?" in ji Bakari. "Hijira za mu yi?"

"Kayan ceton rai ne. Ba a tambayar soja abin da ke jakarsa."

Suka shiga. Farkon hanyar a buɗe take, inuwa lumshi, iskar teku na kaɗawa, birai masu farin gemu na leƙowa daga sama. Matano na tafe yana jawabi, idonsa kuwa na ƙasa-ƙasa yana laluben ja. Reshe na farko, babu ƙyalle. Na biyu, babu. Suka iso inda hanya ta rabu uku, ta mutane, da ta masu itace, da ta aladun daji. Jiya a nan ya ɗaura har guda biyu. Yau ko zare.

"Me ka yar?" in ji Bakari.

"Sawu nake karantawa."

"Na wa?"

"Ɓauna. Ta wuce nan da asuba, tana ɗingishi, kuma ranta a ɓace."

Malam Wafula ya rubuta. Matano ya matso kusa da taubashinsa ya rage murya.

"Bakari, don zumunci, in kai ne wacce za ka bi?"

"An ce in zo in gani, ba a ce in zo in nuna ba. Af, ina fararen ƙoƙunan nan suka shiga ne?"

"Ƙoƙo na yara ne. Mu nan za mu bi."

Ya zaɓi ta aladu. Hanyar ta yi ta tsukewa har sai da suka koma tafiya a sunkuye, Malam Wafula na numfashi kamar zugazugi. Can ƙasa ta fara laushi, warin gishiri ya taso. Matano ya juyo yana bayanin cewa ƙafar ɗan daji ita ke gane ƙasa mai ƙarfi, ya taka gaba, ya nutse cikin taɓo har cinya. Ƙananan ƙaguwa suka watse ta ko'ina. Sai da Bakari ya miƙa masa reshe, shi da Malam suka ja, kafin taɓon ya sake shi da wata irin ƙara marar daɗin ji.

"Da gangan na yi," in ji Matano. "Haka ake auna zurfi."

"Nawa ka samu?"

"Ya isa."

Suka juyo. Suka wuce wata tsamiya mai rassa biyu, Matano ya ce shekararta ɗari bakwai. Bayan rabin awa suka wuce wata tsamiyar, ya ce wannan ƙanwar waccan ce. Da suka iso ta uku, Malam Wafula ya tsaya ya gyara tabarau.

"Ja-gora, a gafarce ni. Ƙannen nan duka uku, kowacce da hulata a rataye a jikinta? Don tun a ta farko na manta ta."

Bakari ya zauna a kan wani kututture, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Rana ta take tsaka. Gumi da taɓo sun haɗu a fuskar Matano. Ya ga lallai sai ya yi wani abin da zai dawo masa da martaba. Sai ya hango wata ciyawa mai yaɗo da 'ya'ya masu laushin gashi kamar karammiski, ya tsinko guda biyu.

"Rubuta, Malam. Wannan shi ne hankicin mafarauta. Da shi muke share gumi a gandun daji."

"Matano," in ji Bakari, "ajiye abin nan."

"Hassada ce ke damunka."

Ya goga a wuya, ya goga a goshi, ya zura hannu cikin riga ya goga a hammata. Karara ce, uwar ƙaiƙayi. Wanda ya san karara ya san ba ta gaggawa, takan ba mutum lokacin da zai gama maganarsa. Matano ya kai tsakiyar labarin wata zakanya sai ya yi shiru. Kafaɗarsa ta motsa. Wuyansa ya motsa. Ya jingina da bishiya yana goga baya kamar jaki.

"Wannan ma cikin al'adar mafarauta ne?" in ji Malam Wafula, alƙalami a sama.

"Motsa jini ne. Kar ka rubuta."

Yana cikin susa idonsa ya faɗa kan wani abu ja a bakin wata siririyar hanya. Ƙyalle. Jan ƙyallen zanen Mwanasiti, da ɗigon fari irin nasa. Gaba kaɗan ga wani, ga wani, sun jeru reras. Bai tsaya tambayar yadda suka taru wuri ɗaya ba. Ya daka tsalle ya tsaya a bakin hanyar, ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga hannu.

"To, jama'a, gwaji ya ƙare. Duk zagayen nan da muka yi, haƙurinku nake aunawa. Ga hanyar gida."

"Wannan ba hanyar gida ba ce," in ji Bakari, kuma wannan karon ba dariya a muryarsa. "Ka san ko ina ta nufa?"

"An ce ka gani, ba a ce ka nuna ba."

"To na gani. Dubi inda ka tsaya."

Matano ya duba. A tsakiyar jerin kwarkwasa ya dasa takalmansa. Su kuwa kwarkwasa, kamar karara, suna da tasu tarbiyyar: ba sa cizo sai sun hau sun kai inda suke so, sa'annan su ciza gaba ɗaya kamar an busa musu usur. Aka busa.

Jakar ce ta fara tashi sama. Riga ta bi ta. Wando ya tsaya gardama a kan takalman soja, Matano ya fizge shi ya yage gida biyu. Ya rage daga shi sai ɗan kamfai da takalma. Ya ranta a na kare, ya bi jajayen ƙyallaye, don a zatonsa gida na gaba, kuma a gida akwai rijiya.

"Matano, tsaya! Kufai ne!"

Ina. Bakari ya riƙe hannun Malam Wafula ya ce su iyakarsu nan. Ya ɗauki jakar, ya ji ta yi ƙwaram. Ya girgiza ta, ta sake yin ƙwaram.

A cikin Kufai, dattawa bakwai na zaune a da'ira ƙarƙashin manyan itatuwa, ƙafa ba takalmi, kowa da baƙin zanensa. Mze Gakuriya ya ɗaga hannu yana tsakiyar roƙo, sai ga mutum ya faso ganye, baƙi ƙirin da taɓo, yana marin cinyoyinsa, yana tsalle da ƙafa ɗaya. Ya yi tuntuɓe da tukunyar da ke tsakiya, ya zube a gabansu.

Roƙo ya katse. Wani dattijo mai ciwon ido ya ce, "Ruwa muka roƙa. Wannan mene ne aka aiko?"

Mze Gakuriya ya daɗe yana kallonsa, daga kai har ƙafa.

"Ɗan Mwakalu ne," ya ce. "Matano, shekarata talatin ina shiga wurin nan. Na ga wanda ya manta bai cire takalmi ba. Ban taɓa ganin wanda ya cire duk abin da aka ce a bari, ya bar abin da aka ce a cire ba."

"Baba, sintiri nake yi."

"Cire su."

La'asar sakaliya suka ɓullo gindin kuka. Dattawa a gaba, Matano a tsakiya ɗaure da aron baƙin zane, takalma rataye a wuya, jiki duk rudu-rudu. Bakari da Malam Wafula sun riga su isowa, domin daga inda suka rabu zuwa kukar, tafiyar minti goma ce. Jama'a ba wanda ya tafi gida. Har an aika ƙauyen gaba a kira mutane.

Matano bai jira an tambaye shi ba.

"Maƙarƙashiya ce," ya ce. "Wani maƙiyi ya cire ƙoƙunan hanya don a kunyata ni. A bincika."

"An cire ƙoƙuna?" in ji Mejuma. Ta juya wajen baƙuwarta. "Ni ban lura ba. Ban taɓa kallonsu ba, ai na baƙi ne."

Dariya ta fara tashi daga wajen mata.

"Abin da na gani dai yau da asuba," Mejuma ta ci gaba a hankali, "wani bawan Allah mai buƙata ya ɗaɗɗaura jajayen ƙyallaye a hanyar mutane, har talatin da wani abu. Na ce wannan damuwarsa babba ce, amma bai san wuri ba, a nan ba za a ji shi ba. Sai na kwance su duka na kai masa bakin hanyar Kufai, na jera. Ga guda ɗaya da ya maƙale a kwandona."

Ta ɗaga shi. Mwanasiti ta tashi daga tabarma, ta karɓa, ta juya shi gaba da baya. Ta shinshina.

"Turarena ne," ta ce. "Maigida, ɓerayen nan naka har buƙata gare su wurin kakanni?"

"Mwanasiti, a gida za mu yi wannan maganar."

"A'a, a nan ma akwai iska."

Bakari ya ajiye jakar a tsakiyar fili. "Baba, ga kayan ceton rai. Ni dai shaida ne, ban buɗe ba."

Mze Gakuriya ya kwance bakinta ya kifar. Fararen ƙoƙuna suka zubo, suna gangarawa ta ko'ina, ɗaya ya mirgina har gaban Matano ya tsaya a kan babban yatsansa. Mai gahawa ya yi dariya har ya zauna a kan garwashinsa. Malam Wafula ya buɗe littafi ya tambaya ko a karanta wa jama'a batun ɓauna mai ɓacin rai, aka ce a karanta, ya karanta har da hankicin mafarauta.

"Wanki zan kai su," in ji Matano. "Fentin ya dushe."

Ba wanda ya ji shi.

A nan take aka sa wa Mejuma koriyar riga. Ta yi mata yawa a kafaɗa, don Matano ne ya ba da awo. Washegari aka zo aka ja Janar zuwa Kufai, yana tirjewa yana waiwayen ubangidansa. Kwana biyu bayan haka aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mwanasiti kuwa ta kwashe takalman soja ta kai kasuwar Ukunda, ta dawo da sabon jan zane.

Sauran hukuncin shi ne Matano ya mayar da kowane ƙoƙo inda ya cire shi. Tun da bai san inda ya cire su ba, Mejuma ce ke gaba tana nunawa, shi yana biye da guduma da ƙusoshi, ƙafa ba takalmi.

Ran nan suka haɗu da wasu baƙi a hanya. Matano ya gyara tsayuwa, ya nuna ƙoƙon da ya gama kafawa.

"Duk alamar da kuka gani a dajin nan, hannuna ne ya kafa ta. Ita wannan yarinyar horo nake ba ta, shi ya sa na sa ta a gaba."

Ya saɓa gudumarsa ya yi gaba da ƙarfin gwiwa.

"Malam mai horo," in ji Mejuma ba tare da ta waiwaya ba, "nan taɓo ne. Dawo hagu."

Ya dawo hagu.

Nan ta tsaya, ƙurunƙus kan ƙoƙon kwakwa. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya je Bofuni ya tambaya, Matano zai gaya masa wadda ta fi wannan.